Juyen baƙin mai a wata Lexus RX 350 ta gida a Kano

Motar Lexus RX 350 ce ƙirar 2013, 'yar Amurka, irin waɗanda ake saukewa a Legas ko Kwatano a hauro da su Arewa. Ta wani gida ce a nan Kano. Hajiya ce mai ita, amma direba ne yake wuni da ita: kai yara makaranta da safe, ɗauko su da azahar, Islamiyya da la'asar, sai kasuwa da asibiti da gidan biki. Jifa-jifa ake doguwar tafiya da ita zuwa Kaduna ko Abuja. Mitar tafiyarta ta haura 120,000 lokacin da aka kawo ta garejinmu.

Injin da ke cikinta shi ne 2GR-FE na kamfanin Toyota, mai silinda 6, girman lita 3.5. Shi ne dai a cikin Camry mai V6, da Highlander, da Sienna, da Venza, da Lexus ES 350 na waɗannan shekaru. Duk bakaniken da ya daɗe yana buɗe bonet ya san inji ne mai haƙuri. Sarƙa ce ke juya masa tayimin, ba bel ba, kuma idan ya samu mai na kirki a kan kari, yana daɗewa ba a ga cikinsa ba. Abin da ya sa nake son bayyana lamarin wannan mota dalla-dalla ke nan: babu wani abu mai tsada da ya lalace a cikinta da kansa. Duk abin da muka tarar daga juye ya samo asali, aikin da kowa yake ɗauka yaron gareji ma ya iya.

Ƙorafin da direban ya zo da shi guda biyu ne. Na farko, da sanyin safiya idan ya tada motar, sai injin ya yi wata ƙara, kar-kar-kar, ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya daidaita. Abin ya fi yawa tun da hunturu ya shigo. Na biyu, inda ake ajiye ta da dare ana ganin ɗigon mai a ƙasa, ba mai yawa ba, amma kullum.

Muka bar ta ta huce a wuri mai daidai, muka zaro geji, wato sandar auna mai. Man bai kai ko alamar ƙasa ba, bakin gejin kawai ya laso. Launinsa baƙi wuluk, da kauri, yana warin fetur. Muka hau da ita rami. Kofin filta, wanda yake ƙasan injin ta gaba, ya jiƙe da mai, ƙura ta manne masa. Gefensa duk sara ne na cizil, alamar da guduma ake buɗe shi. Notin juye kuma babu washa a jikinsa, an naɗa masa farin zaren roba irin na masu aikin famfo, an ɗaure shi iya ƙarfin hannu.

Da muka tambayi direban yadda ake yi mata juye, bai ɓoye komai ba. Ya ce galan ɗaya ake saya mai lita 4, a ƙara da kwalba ɗaya ta lita 1. Man 20W-50 ne, don wanda yake yi musu sabis ya ce mota babba a garin zafi sai mai mai kauri. Filta kuwa ba kowane juye ake canzawa ba, wani lokaci a wanke ta da fetur a mayar. Batun lokaci kuma, babban ɗan Hajiya ne ya karanta a intanet cewa wannan mota tana yin 10,000 kafin juye, don haka suke ƙara 10,000 a kan abin da mita ta nuna su rubuta a takarda. Idan rubutun tunatarwa ya fito a dashbod kafin a kai, sai a je a kashe shi.

A cikin wannan bayani nasa kaɗai akwai matsala huɗu, kuma kowacce tana ƙara wa 'yar uwarta ƙarfi.

Mafi sauƙin ganewa ita ce ta yawan mai. Wannan inji yana cin lita 6.1 idan an canza filta, lita 5.7 idan ba a canza ba. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin geji kusan lita ɗaya da rabi ne. Wanda ya zuba lita 5 ke nan ya sallami motar tana dab da alamar ƙasa tun ranar juyen. Ga yoyo daga kofin filta, ga ɗan abin da kowane inji mai shekaru yake ƙonawa, ba a daɗe ba sai a faɗa ƙasa da alama. Kuma mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne yake kwashe zafi daga fistin da berin, shi ne yake riƙe datti har ya kai shi filta. Idan ya yi kaɗan, sai ya fi saurin zafi, ya fi saurin ƙonewa, dattin da lita 6 za su raba ya taru a cikin lita 4. Fitilar mai ta dashbod ba za ta cece ka ba a nan, domin ita ƙarfin tunkuɗar man take aunawa, ba yawansa ba. Ranar da ta kama kana cikin tafiya, ɓarna ta riga ta fara.

Ta biyu ita ce ta mita, kuma ita ce ta fi damuna, don na san gidaje da yawa suna cikinta ba su sani ba. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil take ƙirga tafiya, ba kilomita ba. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Direban yana ganin kilomita 10,000 yake yi tsakanin juye da juye, alhali kilomita 16,000 yake yi. Yaron Hajiya bai yi ƙarya ba: littafin motar ya yarda da mil 10,000 ko wata 12. Sai dai da sharaɗi. Sai idan man roba ne, wato sintetik, mai lamba 0W-20, kuma motar tana tafiya a yanayin da littafin yake ɗauka na yau da kullum. Shi wannan littafi ya ware wani jadawali na daban, mil 5,000 ko wata 6, ga motar da ke bin hanya mai ƙura, ko mai jan kaya, ko wadda ke daɗewa a tsaye inji yana aiki, ko take yawan tafiya a hankali cikin cunkoso. Duk wanda ya san Kano daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura take rufe gari har jirgi ya kasa sauka, ya san a wane jadawali muke. Ita wannan mota kuma aikinta ya ƙara mata nauyi. Direba yakan isa ƙofar makaranta kafin a tashi, ya zauna ciki da na'urar sanyi a kunne, inji yana silo. Mita ba ta motsawa, amma man yana aiki, yana tsufa. Tafiyar safe kuma gajera ce, kafin injin ya gama ɗaukar zafi an iso, don haka fetur da danshin da suka sauka cikin mai ba sa samun zafin da zai kore su. Warin fetur da muka ji a geji daga nan yake.

Rubutun da suke kashewa a dashbod ɗin ma, ba ɗanɗana man yake yi ba. Tafiya kawai yake ƙirgawa, ya fito idan an yi mil 5,000 daga ranar da aka saita shi. A Amurka sau da yawa tunatarwar juya tayoyi da duba mota ce. A wurinmu ta faɗo daidai lokacin juye, ga ta a kyauta, amma aka mayar da ita abin kashewa.

Sai batun kaurin mai, wanda a kansa muka fi daɗewa muna magana da Hajiya a waya. Ta ce, “Malam, ni fa abin da aka gaya mini shi ne, wannan siririn man na ƙasar sanyi ne. A zafin Kano ruwa yake zama, inji ya buga.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, wanda ya gaya miki haka ba da mugunta ya faɗa ba. A kan motocin da ya koyi aiki, gaskiyarsa ce. Wannan ce dai ba irinsu ba.”

Mafi yawan manyan makanikanmu a kan Peugeot 504 da 505 suka buɗe ido, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, da tsofaffin Mercedes da bas-bas na haya. Waɗannan injuna 20W-50 ya dace da su, kuma shekara da shekaru shi ne man da ake samu a kowane gidan mai. Hannu ya saba, baki ya saba. Amma 2GR-FE yana da tsarin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, a duka kamshaf ɗinsa huɗu, wato sandunan da ke buɗe bawul ɗin. Wannan tsari da ƙarfin mai yake aiki: kwamfutar mota tana buɗe wasu ƙananan bawul, mai ya bi ta siraran hanyoyi ya shiga cikin giyar da ke bakin kamshaf, ya ɗan juya ta gaba ko baya gwargwadon gudun inji. A nan mai ba shafawa kawai yake yi ba, shi ne hannun da ke tura ƙarfe. Idan ya yi kauri da sanyin safiya, kamar man shanu a kwanon hunturu, sai ya makara kafin ya isa sama. A cikin wannan daƙiƙa ɗaya ko biyu giyar tana juyawa babu mai a cikinta, ita ce ƙarar da direban yake ji.

Lambobin jikin galan ma bayani suke yi. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudu yana da sanyi. Ƙarama ta fi saurin gudu. Ta biyu tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100. Cikin injin da ya ɗauki zafi kuwa, a Kano yake ko a Kanada, zafinsa bai da nisa da juna, don tamostat da lagireto da fanka su ke riƙe shi. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana ƙara wa mai wahala, ban musa ba, musamman a cunkoso. Amma bai kai ya sa a tsallaka daga 20 zuwa 50 ba.

A nan sai da na yanke shawara, kuma zan faɗe ta yadda take. Littafin ƙirar 2013 da murfin zuba man duka 0W-20 suka ce. Littafin ya kuma yarda cewa mai da ya ɗan fi kauri zai iya fi dacewa idan ana gudu sosai ko mota tana aiki mai nauyi. Wannan injin dai, a RX 350 ta 2007 zuwa 2009, kamfanin da kansa 5W-30 ya rubuta masa. Ganin shekarun motar, da tafiyar da ta yi, da zafin garinmu, da kuma cewa 5W-30 sintetik na gaske ya fi sauƙin samu a nan, shi na zaɓa, kuma na gaya wa Hajiya cewa zaɓina ne, ba rubutun littafi ba. Wanda ya tsaya a kan 0W-20 bai yi kuskure ba ko kaɗan. Abin da ba zan zuba wa wannan inji ba shi ne 20W-50. Kuma a ganina gardamar 20 da 30 ba ta kai muhimmancin tambayoyi biyu ba: man na gaske ne, kuma yaushe za a zubar da shi?

Na gaske ɗin nan aiki ne babba. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, har hukumar SON mai kula da ingancin kaya takan kama ta lalata. Akwai masu tara galan da aka yar su sake cikawa su liƙe baki. Muka aika aka sayo daga dila mai rasit, muka duba hatimin baki da alamar API mai nuna darajar ingancin mai a jikin galan, SN ko SP. Bayan an gama zubawa kuma muka huda galan ɗin da wuƙa kafin a yar. Wannan ɗabi'a ce da nake roƙon kowane mai mota ya riƙe, a gabansa a yi.

Hajiya ta tambaya ko za a zuba maganin wanke inji, don an ce mata yana fitar da datti gaba ɗaya. Na ƙi. Da muka haska tocila ta bakin zuba mai mun ga ƙarfen ya yi ja-ja, da ɗan baƙin daskararren mai a kusurwa, amma bai zama laka ba. Injin da ya daɗe yana tara datti, idan aka narkar da shi lokaci guda, ɓarɓashin yakan sauka ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, ko ƙananan rariyoyin VVT-i. Gara a bar sabon mai ya wanke a hankali, a zubar da shi da wuri. Masu RX 300, yayar wannan mota, sun san abin da laka take yi wa inji. Injinta 1MZ-FE ya yi suna a kan haka, har a 2007 kamfanin ya sasanta wata ƙara a Amurka da masu motocin ƙirar wajen 1997 zuwa 2002 suka shigar. 2GR-FE bai kai wancan saurin tara laka ba, amma shi ma ba ya yafe mil 10,000 da man da ba a san asalinsa ba.

Aikin kansa ba mai tsawo ba ne. Muka tada injin ya ɗan ɗumama don man ya saki jiki, muka kashe, muka buɗe murfin sama, muka kwance notin juye da sifana 14. Abin da ya fito bai cika lita 4 ba. Muka tsabtace tiredin, muka ga Allah ya kiyaye bai cinye ba, muka sa sabuwar washa, muka ɗaure da sifana mai awo a kan Nm 40 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Washar nan ta sau ɗaya ce; ita ce take lotsewa ta toshe. Wanda bai canza ta ba dole ya ƙara ƙarfi, yau da gobe tiredin kaskon mai ya tafi.

Filta ce ta ci lokaci. Ta wannan inji ba irin gwangwanin da ake murɗewa a yar ba ce. Kofin ƙarfe ne na dindindin, a cikinsa ake sa takardar filta. A gindin kofin akwai ɗan murfi. Idan an cire shi, sai a tura wani ɗan bututun roba da ke zuwa cikin kwalin sabuwar filta, man da ke cikin kofin ya tsiyaye ba tare da ya wanke wa mutum hannu ba. Sannan a sa sifanar kofi mai faɗin milimita 64 a kwance. Saboda saran cizil, sifanar ta ƙi zama sai da muka goge bakin da fayil. Da kofin ya fito, muka ga takardar ciki ta lanƙwashe ta tsakiya, ta yi tauri. Filtar da ta toshe haka, man ba ya tsayawa jiranta: akwai bawul da ke buɗewa ya wuce da shi kai tsaye zuwa inji, da dattinsa. Wanke ta da fetur ba ya buɗe ƙofofin takardar, raunana ta yake yi. Muka baje ninkinta a rana muna neman ƙyallin ƙarfe, wanda zai nuna berin ya fara ci. Ba mu gani ba, kuma wannan ne ya fi kwantar mini da hankali a duk binciken.

Dalilin yoyon kuma ga shi a fili. Babban zoben roba na jikin kofin ya baje, ya bushe, kuma ba a cikin kwarinsa yake ba, an tura shi can gindi. Sabuwar filta ta asali, mai lamba 04152-YZZA1, tana zuwa da zobe biyu, babba da ƙarami, kuma dukansu ake canzawa kowane juye. Muka wanke kofin, muka shafa wa sababbin zoben sabon mai, muka zaunar da babban a kwarinsa, muka murɗa kofin da hannu har ya zauna, sannan awo: Nm 25 ga kofi, kimanin 13 ga ɗan murfin. Zoben ne yake riƙe mai, ba ƙarfin ɗauri ba. Wanda ya ɗaure da ƙarfin tsiya shi ne yake tilasta wa na gaba ɗauko guduma.

Muka zuba lita 6, muka tada, muka duba ƙasa babu ɗigo, muka kashe muka jira fiye da minti biyar man ya koma kasko, muka auna, muka cike ɗan abin da ya rage har ya tsaya dab da alamar sama. Wuce alamar ma illa ce, don kiranshaf yana bugun man ya yi kumfa. Filtar iska da muka buɗe ta cika da jar ƙasa, an sha hura ta da iska har ta yage a gefe, ita ma muka canza. Ƙurar da ta wuce ta nan cikin mai take ƙarewa. Daga ƙarshe muka saita tunatarwar: a nuna Trip A a allon mita, a kashe mota, a danne maɓallin mita a kunna wuta ba tare da tada inji ba, a riƙe har sifirai su fito. Tsohon man muka zuba a duro, ba a kwata ba.

Direban muka zaunar muka nuna masa geji da hannunsa, yadda ake gogewa a mayar a sake zarowa, kuma muka ce kowace Juma'a da safe kafin ya tada mota ya duba. A takardar da muka liƙa a ƙofa muka rubuta lambar mita da kalmar mil a gabanta, da kwanan wata. Wannan mai na farko na wanki ne, a dawo bayan mil 2,000. Daga nan kuma duk mil 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa, da sabuwar filta kowane karo. Ga motar da ke yawon cikin gari irin wannan, watannin ne za su riƙa riga.

Da aka dawo da ita juye na biyu, ƙasan kofin a bushe yake, man kuma bai sauka daga inda muka bar shi ba sai kaɗan. Ya yi baƙi da wuri, kamar yadda muka zata, alamar yana kwaso tsohon datti. Takardar filta ta fito da siffarta, babu ƙyallin ƙarfe. Ƙarar safe ta ragu sosai, amma ba ta ɓace ba: idan motar ta kwana biyu ba a tada ta ba, tana yi sau ɗaya. A cikin giyar VVT-i akwai ɗan fil da ke kulle ta idan an kashe inji, kuma idan ya riga ya ci, babu man da zai mayar da shi sabo. Canza giyar aiki ne mai tsada a wannan inji, musamman ta layin baya da ke jikin bango. Na gaya wa Hajiya cewa a yanzu ban ga dalilin buɗewa ba. Idan ƙarar ta fara wuce daƙiƙa biyu, ko ta fara fitowa inji yana da zafi, ko fitilar inji ta kama, a kawo ta a ranar, a sa mata kwamfuta kafin a taɓa ko noti ɗaya.